Ranar Da Oga Bai Fita Ba

Shafi na 23

Ke da kika biyo ni har akwatin saƙo kina cewa na cika yi wa Oga sharri, wai bawan Allah ne mai sauƙin kai, to gyara zama. Ki karanta wannan shafin har ƙasa, sannan ki dawo ki maimaita min.

*

Oga bai fita ba.

Abin da ya fara ɗaure mana kai ke nan. Tun da aka haɗa mu mu huɗu muke gina manhajar shagunan magani, duk ƙarshen sati biyu muna yin zaman waiwaye, mu duba abin da ya tafi daidai da abin da ya karkace. Ƙa'idar zaman kuwa ɗaya ce, kuma shi manajan namu da bakinsa ya kafa ta: zai shigo ya ce sannunku da aiki, ya fita, ya ja mana ƙofa. Ya ce mu ne masu aikin, mu za mu raba shi a tsakaninmu, mu za mu gyara kurakuranmu. Nasa kawai ya share mana hanya, ya tare mana manyan da ke sama. Abin da aka faɗa bayan an ja ƙofar nan, ko mijinki ba ya ji.

Yau sai ya jawo kujera ya zauna.

Dogo, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar, wanda bakinsa ba ya iya zama shiru, ya leƙa fuskarsa.

"Oga, ko dai ƙofar ce ta ɓace maka? In raka ka?"

Ba wanda ya yi dariya, domin Oga ya sha mur.

"Manya sun ce a rage mutum ɗaya a kowace ƙungiya."

Mai Zane, wadda ke tsara mana fuskar manhajar, ta ajiye alƙalaminta a hankali.

"A rage? Kamar yaya a rage?"

"Kamar yadda kika ji. Na yi iya yina, sun ƙi."

"To wa?" in ji Dogo. Tsokanar ta gudu daga muryarsa.

Oga ya buɗe tafukan hannunsa, irin buɗewar nan tasa ta mutumin kirki.

"Ai shi ya sa na zauna. Ku kuke tafiyar da kanku. Ban taɓa zaɓa muku aiki ba, ban taɓa ce wa wani ɗauki wannan bar wancan ba. Yau kuma sai in zo in zaɓa muku wanda zai tafi? Ku tattauna, ku kawo min suna ɗaya kafin a tashi."

Wallahi na ɗauka kunnena ne ya samu matsala.

Ni ce mai gwada manhajar kafin ta fita, kuma ni nake jan taronmu, ni nake kula da allon da muke manna katunan aiki. Don haka duk idanu suka dawo kaina.

"Oga," na ce, "raba aiki daban, raba mutum da abincinsa daban. Wannan naka ne. Don irin wannan ranar aka ba ka kujerar."

"Malama, ba ke ce kullum mai cewa a bar ƙungiya ta yanke ba?"

"A kan wane kati za mu fara ɗauka! Ba a kan wanda zai koma gida hannu rabbana ba."

"Shawara shawara ce."

Ya miƙe yana gyara wuyan rigarsa. Da ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma sai ya dafa bayan kujerar ya ƙara, kamar mai ba da taimako.

"Ba wai ina nuna kowa ba ne. Ku dai duba gaskiya. Akwai mai cika yini, akwai wanda ba ya cikawa. Akwai kuma wanda zai kwana a asibiti, ya zo ya tura gyara bai duba ba, har farashin magani ya rikice a shagunan mutane."

Maman Biyu na zaune a gefena. Ita ce babbarmu, ita ta koya wa Dogo rabin abin da yake taƙama da shi. Ɗaya daga cikin tagwayenta na fama da ciwon numfashi, shi ya sa muka yanke a tsakaninmu ta riƙa tashi da wuri, mu kuma mu ƙarasa mata. Wannan Oga ya sani, har cewa ya yi Allah ya yi mana albarka.

Amma maganar farashin magani bai kamata ya sani ba.

Ranar da abin ya faru, mun ce wa kowa kuskuren ƙungiya ne, muka gyara, magana ta mutu. A cikin ɗakin nan ne kaɗai, ƙofa a rufe, Maman Biyu ta fashe da kuka ta ce ita ce. Ta ce a kan bencin asibiti ta kwana, ta zo aiki idonta na ganin bibbiyu. Mu huɗu muka ji, mu huɗu muka binne.

Oga ya fita. Ya ja ƙofar a hankali, yadda ya saba.

Maman Biyu ba ta ɗago ba.

"Wa ya faɗa masa?"

Dogo da Mai Zane suka dubi juna.

"Tambaya nake. Wa ya faɗa masa?"

"Wallahi Yaya ba ni ba ne," in ji Dogo.

"Ni me zai kai ni?" in ji Mai Zane.

Raina ya gama ɓaci, kaina har wani zafi yake. Na miƙe.

"Kada kowa ya ce komai. Kada a ambaci sunan kowa. Ku jira ni."

"Ina za ki?" Maman Biyu ta tambaya.

"Wurinsa."

Ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo da ban tsaya na karanta ba, saboda sauri nake.

*

Ban ƙwanƙwasa ba.

Na same shi yana zuba wa shukar da ke bakin tagarsa ruwa daga kofin shayinsa. Kwamfutarsa a buɗe, 'yan abin saurarensa na kunne guda biyu a yashe kusa da ita.

"Har kun gama?"

"Ba mu fara ba, kuma ba za mu fara ba."

"Zauna, Malama."

"Tsayuwar ta fi min. Oga, ka dubi Allah ka faɗa min gaskiya. Ka riga ka kai suna sama ko ba ka kai ba?"

Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana goge ɗigon ruwa da ɗan yatsa.

"Sun matsa min tun satin da ya wuce. Na ba su na wucin gadi."

"Nata."

Bai ce a'a ba.

Sai ga ni a kan kujerar da na ce ba zan zauna ba.

"To wasan kwaikwayon me ka je ka yi mana? Tunda ka gama yankewa, me ya sa kake so mu yanke?"

"Ki fahimce ni. Idan ni na sallame ta, me za a ce? Manaja ya kori uwa, ɗanta na kwance. Amma idan abokan aikinta ne suka duba suka ga..."

"Wato mu mu yi yankan, kai ka tsaya gefe da fararen kayanka."

"Kin cika zafi."

"Ka gaya wa manya da saninka take tashi da wuri?"

"Ba ni na yanke wannan ba. Ku kuka yanke."

"Ka sa mana albarka!"

"Albarka ba umarni ba ce."

Na dube shi. Mutumin da na sha karewa a gaban kowa. Duk sanda 'yan wasu ƙungiyoyin ke kukan manajojinsu, ni ce mai ɗaga kai ina cewa namu daban ne, namu ba ya tsaya mana a ka. Ashe ba ya tsaya mana a ka ne don ranar da abu ya faɗo kada ya same shi a wurin. Wallahi na ji kunyar kaina.

"Shekara da shekaru kana ce mana kai ne katangarmu."

"Katanga ma tana da mai ita, Malama. Ni ma akwai na sama da ni."

"To ka je musu ka ce ba ka da mutumin ragewa! Ka nuna musu aikin da muka fitar. Ko ka gwada?"

Ya kau da kai wajen shukarsa.

Bai gwada ba.

"Shi ke nan," na ce. "Saura abu ɗaya. Wa ya kawo maka maganar asibiti?"

"Ki tambayi 'yan ɗakinku."

"Kai nake tambaya."

"Ni ba na tona asirin mutane."

Ka ji fa! Shi ne ba ya tona asiri.

Zuciyata ta shiga lissafe-lissafen banza. Dogo ne? Ya daɗe yana son a ce shi ne babba. Mai Zane ce? Ta taɓa ƙorafin aikin Maman Biyu na dawowa kanta. Mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya, ga ni ina juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa.

A cikin shirun nan ne na ji wani ɗan sauti.

Siriri, kamar kukan sauro.

Na waiga. Ba daga taga ba ne, ba daga waje ba ne. Daga kan tebur yake fitowa, daga 'yan abin kunnen nan.

Oga ya ga inda idona ya sauka. Ya kai hannu.

Na riga shi.

"Malama, ajiye wannan."

Na sa ɗaya a kunnena.

Muryar Dogo ce, tar, kamar yana tsaye a kafaɗata.

"...ni dai ku bari ta dawo tukuna..."

A tsakiyar teburin ɗakin taronmu akwai wata baƙar sifika mai faɗi, wadda muke amfani da ita idan wani yana aiki daga gida. Oga ne ke buɗe layin kiran. Akwai 'yar koriyar fitila a jikinta da ba ta mutuwa, kuma ranar da Mai Zane ta tambaya, cewa ya yi alamar caji ce.

"Tun yaushe?" Muryata ma ban gane ta ba.

Ya koma ya zauna. Abin mamaki, ko borin kunya bai yi ba.

"Tun zaman farko."

"Innalillahi."

"Ki tsaya ki ji. Idan aikin nan ya lalace, wa za a kira sama? Ni. Sai in bar mutum huɗu su rufe ƙofa suna yanke abin da za a tuhume ni a kai, ni kuma ina nan ina shan shayi ban san me ake ciki ba?"

"Da sai ka tambaye mu!"

"Da kun faɗa min gaskiya?"

"Da sai ka zauna a ɗakin, mu san kana nan, kowa ya auna bakinsa! Kai ka ce mu saki jiki. Kai ka ce amana ce. Matar nan ta yi kuka a ɗakin nan, Oga. Kana ji?"

"Ina ji."

"Kana ji, ka kuma ajiye shi sai yau."

Na yunƙura zan tashi, sai muryar Mai Zane ta shigo min kunne, ƙasa-ƙasa.

"Ku ku tsaya. Mu yi magana ta hankali. A cikinmu wa ke shiga ofishinsa duk sati?"

Gaskiya ne, ni ce. Duk sati nakan kai masa abubuwan da suka tare mana hanya, don ya cire su. Su da kansu suka ɗora min wannan aikin.

"Haba," in ji Dogo. "Anti ba za ta yi haka ba."

"To yanzu tana ina? Ya gama magana ko minti bai yi ba, ta bi shi. Ta ce kada mu ambaci sunan kowa. Don me? Don su gama shirya nasu."

Oga ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya abin kunnen, ya sa. Muka zauna muna fuskantar juna, kowa da guda a kunne, kamar wasu masoya masu jin waƙa.

Ina ta addu'a a raina. Maman Biyu, yi magana. Ke kin san ni. Ke kin san wa ke riƙe miki ɗayan yaron idan kika ruga asibiti da ɗan'uwansa.

Ta yi maganar.

"Kafin wancan zaman," ta ce, muryarta a dishe, "ita kaɗai na fara faɗa wa kuskurena. A kan matattakala. Na ce mata ina tsoro, a bar shi a kuskuren ƙungiya kawai. Ta riƙe hannuna ta ce in faɗa a ɗaki, zuciyata za ta yi sauƙi. Ta ce babu mai ji sai mu."

"Kin gani ko?" in ji Mai Zane.

"Ita ta ce in faɗa."

Na ce mata, ƙwarai na ce mata. Saboda na yarda da ƙofar nan fiye da yadda na yarda da ƙofar ɗakina.

"Yaya, mu dai bi a hankali," in ji Dogo. Amma muryarsa ta riga ta yi laushi.

"Hankalin me, Dogo? Yarona na shan magani duk wata. Idan na bar aikin nan ina za ni da shi? Ta san haka. Ta fi kowa sani." Ta ja hanci. "Suna ɗaya ya ce a kawo. Ni dai na san sunan da zan bayar."

"Ni ma," in ji Mai Zane. "A ɗaga hannu, yadda muka saba."

Na ji ƙarar kujera.

Sai Dogo, can ƙasan maƙoshi:

"Allah ya yafe mana. To."

Hawaye ya zubo min, ban ma san ya taru ba. Abin da Oga ya yi min ya yi ciwo, amma wannan ya fi shi shiga ƙashi. Ni da na fito yaƙi saboda ita.

Oga ya cire nasa abin kunnen, ya ajiye a hankali.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni kaina ban zaci haka ba."

Na miƙe, ina share fuska da bayan hannu.

"Yanzu zan je in faɗa musu. In ɗaga sifikar nan in nuna musu. Kowa ya san ko kai wane ne."

"Je ki."

Yadda ya faɗe shi a sanyaye ne ya tsayar da ni.

"Je ki, Malama, ga hujja a hannunki, za su yarda. Za su ba ki haƙuri, su tsine min. Gobe kuma ina nan a kujerata, don manya ba za su kore ni saboda na saurari taron ma'aikatana ba. Sai dai zaɓen ya rushe ke nan. Idan ya rushe, sunan da ke sama shi zai tsaya."

"Nata."

"Nata."

"Idan kuma na yi shiru?"

"Ƙungiya ta kawo suna baki ɗaya. In ɗaga waya in ce a canza. Ta ci gaba da aikinta, ta ci gaba da tashi da wuri, ba mai taɓa ta."

"Ni kuma in fita a matsayin munafuka."

"Zan rubuta miki shaida mai kyau."

Na yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ni ma fa ba daga sama abincina ke faɗowa ba. Mama na wuyana, ƙannena biyu na makaranta. Kuma ko an bar maganar abinci, yaya zan rayu matar nan tana ganina a matsayin wadda ta sayar da ita?

"Kai ka haƙa ramin nan," na ce. "Kai ya kamata ka faɗa."

"Wataƙila. Amma ba sunana ake nema ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Na dunƙule abin kunnen a tafin hannuna.

"Shigo," in ji Oga.

Maman Biyu ce. Idanunta sun yi jawur, mayafinta ya zame gefe ɗaya. Dogo da Mai Zane na tsaye a bayanta, kowa kansa a ƙasa. Ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba.

"Oga, mun gama."

"Madalla. Sannunku da ƙoƙari, na san ba sauƙi." Ya jingina da kujerarsa. "Amma kafin ki faɗi sunan, ina jin Malama na da abin da take son gaya muku."

Ya juyo gare ni.

"Ko babu, Malama?"

Sai a lokacin Maman Biyu ta waigo ta dube ni.

"Faɗi mana," ta ce. "Muna jin ki."